Suna, Mazauni da Agogo: Yadda Ake Saita Na'urar Suwic ta Sadarwar Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ɗakin kwamfuta a jami'a, ko ya zauna jarrabawar JAMB tun daga shekarar 2015 da aka mayar da ita ta kwamfuta gaba ɗaya, ya ci moriyar wata na'ura da ba kasafai ake lura da ita ba. Wani ɗan akwati ne shafaffe mai ramuka jere a gabansa, galibi 8 ko 24 ko 48, kowane rami da wayar da aka soka masa da kuma 'yar fitila mai ƙyaftawa. Ma'aikatan sadarwa suna kiran ta suwic. Kada mai karatu ya haɗa ta da makunnin fitilar da ke jikin bango, sunan ne kawai ya zo ɗaya.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan abubuwa biyu da ake fara saitawa idan an sayo wannan na'ura: bayanan da ke gabatar da ita, wato sunanta da mazauninta da mai kula da ita, sai kuma agogonta. Za a ga cewa aikin bai wuce na 'yan mintoci ba, amma wanda ya tsallake shi yakan yi da-na-sani ranar da aka nemi na'urar ta ba da shaida. Haka kuma za a ga cewa akwai ruwan ɗalibin harshe a cikin lamarin, domin batun raɗa suna da batun faɗin lokaci duk gonarsa ce.

2.0 Mece ce Suwic?

Suwic na'ura ce da ke haɗa kwamfutocin da ke gini ɗaya ko harabar makaranta ɗaya, su zama gajeren zangon sadarwa. Kowace kwamfuta tana da wata lamba ta musamman a jikin katin sadarwarta. Idan saƙo ya shigo ta wani rami, suwic za ta duba lambar wanda ya aiko, ta rubuta cewa mai wannan lamba yana wannan rami. Sannu a hankali sai ta san mazaunin kowa, ta riƙa miƙa saƙo kai-tsaye ga mai shi kaɗai, kamar yadda tsohon ma'aikacin gidan waya ya san akwatin kowa da ka.

Suwic iri biyu ce. Akwai wadda ba a saita mata komai, a jona ta da wuta kawai ta kama aiki. Akwai kuma wadda ake iya shiga cikinta a ba ta umarni, irin wadda jami'o'i da bankuna da asibitoci ke amfani da ita. A kan wannan ta biyun maganarmu take.

Garin Jos ba baƙo ba ne a wannan fage. Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 ta kuma tsaya da ƙafarta a 1975, tana cikin jami'o'in Nijeriya da suka yi sammakon haɗa kwamfutocinsu. Wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya koyar a jami'ar a 1999, kuma wahalar samun intanet da ya gani ita ta sa shi da abokan aikinsa a Jami'ar Iowa suka ƙirƙiro eGranary, wato rumbun littattafai da shafukan intanet da ake ajiyewa a kwamfuta ɗaya a cikin makaranta, kowa ya ɗiba ba tare da ya fita intanet ba. Irin wannan rumbu ba ya isa ga ɗalibi sai ta cikin suwic. A shekarun 2000 kuma Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta tallafa wa jami'ar wajen bunƙasa wannan fanni. Makarantar da ke da harabobi a warwatse, daga Titin Bauchi zuwa Naraguta, dole ta tara irin waɗannan na'urori masu yawa, kuma daga nan ne buƙatar suna take tasowa.

3.0 Bayanan Na'ura: Suna da Mazauni da Mai Kula

Sabuwar suwic ta kamfanin Cisco tana fitowa daga kwali da suna ɗaya tak, wato Switch. A ƙaddara makaranta ta sayi guda 40 ta rarraba a gine-gine ba ta sauya wa ko ɗaya suna ba. Ranar da rahoto ya zo cewa rami na 12 na Switch ya mutu, wace ce daga cikin 40 ɗin? Tamkar a shiga gidan da duk yaransa maza sunansu Muhammadu ne a ce Muhammadu ya zo. Bahaushe ya magance wannan da laƙabi, ya ce Ɗanjuma ko Ɗanladi ko Auta. Haka ma'aikacin sadarwa yake yi wa na'urorinsa.

Tun a 1991 ƙa'idar da ke tsara yadda ake sa ido a kan na'urorin sadarwa daga nesa ta tanadi gurabe uku da mai na'ura zai cike da hannunsa. Na farko suna, na biyu mazauni, na uku wanda za a tuntuɓa.

Suna mai kyau shi ne wanda da an karanta shi an san inda aka dosa. Misali, wanda ya raɗa wa na'ura NRG-LABURARE-01 ya gaya mana harabar da take, da ginin, da kuma cewa ita ce ta farko a wurin. Ƙa'idar ita ce sunan kada ya wuce haruffa 63, kada a bar fili a tsakani, kuma a tsaya ga haruffan boko na Turanci da alƙaluma da ɗan karan ɗori.

A nan ne ɗalibin Hausa zai buɗe ido. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su cikin jerin haruffan ASCII na shekarar 1963 wanda aka gina waɗannan ƙa'idoji a kansa. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba su gurbi, shi ya sa muke iya rubuta su a waya da kwamfuta, amma sunan na'urar sadarwa yana nan a kan tsohuwar ƙa'ida. Saboda haka wanda ya so ya rubuta ɗakin baƙi, DAKIN-BAKI zai rubuta, mai karatu kuma ya rasa ko baƙi ake nufi, ko baki, ko baƙin launi. Haka kafa da ƙafa, da kasa da ƙasa, da bari da ɓari. Dabarar ita ce a zaɓi kalmar da ma'anarta ba ta rataya a kan lanƙwasa ba, kamar MASAUKI ko OFIS ko LABURARE ko ZAURE.

Gurbin mazauni ya fi sakewa, ana iya rubuta jimla guda: gini kaza, bene na biyu, ɗaki na kaza, cikin akwatin ƙarfe na hagu. A gurbin mai kula kuwa, an fi son a rubuta sunan ofis da lambar wayar ofis. Ma'aikaci yana iya yin ritaya ko a sauya masa wurin aiki, ofis kuwa yana nan.

4.0 Me Ya Haɗa Suwic da Agogo?

Suwic za ta ci gaba da miƙa saƙonni ko da agogonta ya ce shekarar bara muke. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake sakaci da shi, tun da babu wanda zai kawo ƙara. Amma suwic tana da aiki na biyu, wato rubuta rajista. Duk abin da ya faru sai ta rubuta: an zare waya daga rami kaza, wani ya shiga da kalmar sirri, wani ya gwada kalmar sirri ba daidai ba, an sauya saiti. Kowane layi na rajistar yana ɗauke da lokacin da abin ya auku.

Matsalar ita ce da yawa daga cikin waɗannan na'urori ba su da batirin da zai riƙe agogo idan wuta ta ɗauke. Sanannen misali shi ne tsofaffin Catalyst na Cisco, waɗanda duk lokacin da aka kunna su sai su farka a ranar 1 ga Maris, 1993, da ƙarfe 12 na dare. Wasu na'urorin kuma 1 ga Janairu, 1970 suke komawa. A ƙasar da wuta ba ta cika ɗaukewa ba, mai na'ura zai iya saita agogo da hannu ya daɗe bai waiwaye shi ba. A wajenmu kuwa, inda ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareto, daga janareto zuwa batir, na'ura tana iya komawa 1993 sau da yawa a mako guda.

A ɗauka ana jarrabawa ta kwamfuta, sai layi guda na ɗalibai suka ce sadarwa ta yanke masu da ƙarfe 10:20, suna neman a ƙara masu lokaci. Uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da jarrabawar, ta nuna sun daina amsa tambayoyi a daidai wannan lokaci. Wanda zai raba gardamar ita ce suwic: shin ramukansu sun mutu a lokacin ko ba su mutu ba? Aka buɗe rajista, sai aka tarar ta rubuta cewa ramukan sun mutu ranar 1 ga Maris, 1993, da ƙarfe 2:47 na dare. Shaidar da ya ga abu da idonsa amma bai san rana ko sa'a ba, alƙali ba zai dogara da shi ba. Haƙƙin ɗalibai ke nan ya shiga rububi saboda aikin minti biyar da ba a yi ba.

Ba rajista kaɗai abin yake shafa ba. Takardun shaidar tsaro da na'urori ke nuna wa juna suna da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, don haka na'urar da ke zaune a 1993 za ta ga takardar bana a matsayin wadda lokacinta bai yi ba, ta ƙi karɓa. Tsarin tantance masu shiga da ake kira Kerberos, a yadda aka saba saita shi, ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin agogo biyu. Haka nan wanda ya umarci suwic ta rufe wasu ramuka da ƙarfe 10 na dare, idan agogonta ya karkace, tana iya rufe su ana tsakiyar lacca.

5.0 Wane Lokaci Za a Ba Ta?

Bahaushe yana da arzikin kalmomin lokaci: asuba, sassafe, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, almuru, magariba, lisha, tsakar dare. Duk waɗannan da rana suke tafiya, don haka hantsin Maiduguri yana riga na Sakkwato. Na'ura ba ta ganin rana, alƙalami ɗaya take so wanda duniya ta yarda da shi.

A taron da aka yi a birnin Washington a 1884 aka amince layin da ya ratsa Greenwich a Ingila ya zama mafarin awo. Wanda ya gaji lokacin Greenwich a yau shi ne UTC, wanda ake lissafawa daga agogunan atam. Tun 1967 aka daina auna daƙiƙa da juyawar duniya, aka koma ga kaɗawar sinadarin siziyam sau 9,192,631,770.

Nijeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, tsarin da aka kafa tun 1 ga Satumba, 1919, kuma shi ake taƙaitawa da WAT, wato lokacin Afirka ta Yamma. Nijar da Kamaru da mu ɗaya ne. Gana tana kan UTC daidai, Saudiyya kuma tana gabanta da awa uku. Abin sha'awa shi ne an yanko lokacinmu ne daga layi na 15 gabas da Greenwich, alhali Jos tana kusa da layi na 9. Tun da kowane layi minti 4 ne, rana ba ta tsayawa tsaka a Jos sai wajen ƙarfe 12:24, da ɗan ragi ko ƙari gwargwadon watan da ake ciki.

Abubuwa biyu ake yawan kuskurewa a nan. Na farko, barin na'ura a kan UTC alhali sauran kwamfutoci suna kan lokacin Nijeriya, sai rajistarta ta riƙa nuna komai ya faru awa guda kafin ya faru. Na biyu, kunna tsarin sauyin lokacin bazara na Turai da Amurka. Mutanen Ingila suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, shi ya sa a waɗannan watanni agogon Landan da na Jos suke daidai, a sauran kuma Landan take bayanmu da awa guda. Nijeriya ba ta yin wannan sauyi, don haka wannan gurbi a bar shi a kashe. A kuma lura da yadda na'ura ke jera kwanan wata, domin 1/3/1993 a wajenmu 1 ga Maris ne, a wajen Ba'amurke kuwa 3 ga Janairu.

6.0 Hanyoyin Saita Agogo

Hanya ta farko ita ce a duba agogon hannu a rubuta wa na'ura. Tana da sauƙi, sai dai ba ta da ƙarko. Wuta na ɗaukewa aikin ya rushe. Ko wuta ba ta ɗauke ba, agogon cikin na'ura da ɗan ƙaramin dutsen kwaz yake aiki, wanda zafi da sanyi ke sauya saurin kaɗawarsa, kuma mazaunin Jos ya san tazarar da ke tsakanin sanyin hunturu da zafin watan Maris. Agogon da ke zamewa da daƙiƙa ɗaya a rana, a shekara ya zame da fiye da minti 6.

Hanya ta biyu, wadda ita ce abin dogaro, ita ce a koya wa na'ura ta riƙa tambayar lokaci da kanta. Tsarin da ke yin haka shi ne NTP, wanda David Mills, malami a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya ƙirƙiro. An fara wallafa ƙa'idarsa a 1985, shi kuma ya rasu a 2024. Ƙananan na'urori sukan yi amfani da sassauƙan nau'insa mai suna SNTP.

Tsarin yana kama da salsalar malamai. A can sama akwai agogunan atam, har da waɗanda ke cikin taurarin GPS, su ne mataki na 0. Kwamfutar da ke jone da su kai-tsaye ita ce mataki na 1, wadda ta karɓa daga gare ta mataki na 2, haka har zuwa 15. Na'urar da ta nuna mataki na 16 tana cewa ne ba ta karɓa daga kowa ba.

To amma tun da amsa tana ɓata lokaci a hanya, yaya ake gane lokacin gaskiya? A ɗauka suwic ta tura tambaya da ƙarfe 10 daidai bisa agogonta. Uwar garke ta karɓa, ta amsa nan take cewa ƙarfe 10 ne da daƙiƙa 7. Amsar ta iso wa suwic agogonta yana nuna ƙarfe 10 da daƙiƙa 2. Ke nan zuwa da dawowa sun ci daƙiƙa 2, dawowa kaɗai daƙiƙa 1. Saboda haka a lokacin da amsar ta iso, lokacin gaskiya ƙarfe 10 ne da daƙiƙa 8, suwic ta gane tana baya da daƙiƙa 6, sai ta gyara. Za ta ci gaba da wannan tambaya lokaci-lokaci muddin tana kunne, kuma da wuta ta dawo ita ce za ta sake nema.

A makaranta mai na'urori da yawa, abin da ya fi dacewa shi ne a ware kwamfuta ɗaya ko biyu a cikin gida su riƙa karɓo lokaci daga waje, misali daga gungun pool.ntp.org da ke aiki kyauta tun 2003, sauran na'urori kuma su karɓa daga gare su. Amfanin haka shi ne ko intanet ta yanke, bakin na'urorin gida yana nan ɗaya.

7.0 Matakan Aikin

Ana shiga suwic ta hanya biyu. Ƙananan na'urori suna da shafi da ake buɗewa a burauza, a cike guraben kamar ana cike fom. Manyan kuwa ana jona su da kwamfuta ta wayar kwansol, a buɗe manhaja irin PuTTY a kan saurin 9600, a rubuta umarni. Ga yadda abin yake a na'urar Cisco. Umarnin da Turanci suke, kuma dole a rubuta su yadda suke.

Da farko a rubuta enable, sannan configure terminal, domin a shiga ɗakin saiti. A raɗa suna da hostname NRG-LABURARE-01. A rubuta snmp-server location a bi shi da bayanin mazauni, sannan snmp-server contact a bi shi da sunan ofishin da ke kula. Daga nan a faɗa mata yankin lokaci da clock timezone WAT 1. Wannan shi ake gabatarwa kafin a taɓa agogon kansa, domin duk lokacin da aka rubuta daga baya bisa wannan yanki za ta fahimce shi. Sai a nuna mata inda za ta riƙa tambaya da ntp server a bi shi da adireshin uwar garken lokaci. Sharaɗi ne a nan ita kanta suwic ta kasance tana da adireshi da hanyar isa ga uwar garken, in ba haka ba tambayarta ba za ta fita ba. A ƙara da service timestamps log datetime localtime show-timezone domin kowane layi na rajista ya fito da kwanan wata da lokacin gida.

Bayan an fita daga ɗakin saiti da end, a jira 'yan mintoci, domin daidaituwar ba ta zuwa nan take. A rubuta show clock. Idan aka ga alamar tauraro a gaban lokacin, na'urar tana cewa ita ma ba ta amince da agogonta ba tukuna. Umarnin show ntp status zai nuna ko ta daidaita da kuma matakin da take.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Duk abin da aka rubuta yana zaune ne a ma'adanar wucin gadi, wadda ke shafewa da wuta ta ɗauke. Sai an rubuta copy running-config startup-config sannan ya koma ma'adana ta dindindin. Wanda yake son ya tabbatar, ya zare wayar wuta da gangan a lokacin da babu mai amfani da na'urar, ya mayar, ya ga ko ta farka da sunanta ta kuma nemo lokacinta. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji.

8.0 Kammalawa

An ga cewa suwic tana da aiki biyu, miƙa saƙo da kuma rubuta abin da ya wakana, kuma aikin na biyu ba ya da amfani sai ta san sunanta da mazauninta da lokacin da take ciki. An ga kuma cewa a wurin da wuta ke yawan ɗaukewa, saita agogo da hannu zuba ruwa ne a kwando, gara a koya wa na'ura ta nemo da kanta.

Saura aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban harshe. Har yanzu kalmomin wannan fanni ba su gama zama a Hausa ba. Uwar garke ta samu karɓuwa a wajen wasu marubuta, amma suwic da kwansol da burauza aro ne tsagwaronsa. Duk wanda ya san yadda na'urar take aiki shi ne zai iya raɗa mata sunan da ya dace, domin ba a fassara abin da ba a fahimta ba. Don haka ɗalibin da ke neman batun kundin kammala digiri, ya leƙa ɗakin kwamfuta mafi kusa da shi, ya roƙi ma'aikatan wurin su nuna masa wannan akwati, ya saurari kalmomin da suke amfani da su idan suna aiki da Hausa, ya rubuta.